Rami Casa'in da Shida

Ƙarfe shida na safe a Lodz, duhu bai kwashe kayansa ba.
Taragon lantarki ya sauke ni gaban tsohuwar masaƙa,
jan bulo, da dogon bututun hayaƙi wanda ya daina tari.
A nan kakata Leokadia ta yi shekara talatin da ɗaya tana bin zare.
Yanzu hawa na uku namu ne:
farar riga, safar hannu, da firji mai gurnani
wanda sanyinsa ya kai tamanin ƙasa da sifiri.

Na ciro akwatin. Sanyi ya ciji yatsuna.
'Yan kwalabe ashirin da huɗu, kowace da lambarta,
kowace da ɗan ruwan huhun ɓera
wanda bai kai hawayen jinjiri ba.
Zdzislaw mai kiwonsu ya san su da hali:
wannan mai cizo ne, wancan mai tara shimfiɗarsa a lungu.
Ni lamba kawai ke isowa hannuna.

Abin da nake nema ido bai taɓa ganinsa ba.
Wani sinadari ne, ɗan almakashin jiki,
mai warware saƙar nama idan rauni ya zo
don sabon zare ya sami hanya.
In ya yi kaɗan, tabo ya daskare.
In ya yi yawa, ya ci har gefen zanen da ke lafiya.
Tambayar ke nan, guda ɗaya tak: nawa?

Faranti ɗaya, rami casa'in da shida.
Ɗigo, ɗigo, babban yatsa na dannawa,
layin ma'auni tukuna, daga kakkaura zuwa tsararo,
sannan ɓerayen, kowanne rami biyu.
A jira awa biyu. A wanke, a kife, a buga kan takarda.
A sake wankewa. A sake.
Wanda bai iya jira ba, ya nemi wata sana'a.

Na sha shayi a tsaye bakin taga.
Dusar ƙanƙara na sauka a hankali, sai ka ce audugar da ta shaƙa.
Takan ce a ɗakin saƙa kunne ba shi da aiki,
da leɓe ake hira, da gira ake faɗa.
Tari ya biyo ta gida, ya sami wuri ya zauna.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ga fitila,
ya ce saƙar ta yi tauri.

Sai ga launi.
Shuɗi ya taso cikin ramuka kamar tukunyar rini ta nuna,
na ɗiga ruwan tsayarwa, nan take ya juye rawaya.
Na'ura ta haɗiye farantin, ta yi ƙugi, ta tofo lambobi.

Na marasa lafiya sun hau, yadda Dakta Wieczorek ta yi fata.
Goma sha ɗaya sun hau.
Na sha bakwai ya ƙi.
Ramukansa biyu fes, kusan ruwan famfo.
Shi kaɗai ya karkatar da layin
da muka yi wata takwas muna miƙarwa.

Ba kowa a ɗakin.
Maɓalli guda ya isa ya shafe shi.

Na buɗe littafi: ban tsallake rami ba, ban manta ɗigo ba.
Na kira Zdzislaw a waya, bakinsa cike da burodi.
"Sha bakwai? Mai tsagaggen kunne?
Ai shi ne bai taɓa ramewa ba.
Ya ci nasa, ya ci na maƙwabci."

Kakata kan ce, zaren da ya tsinke ba a tura shi bayan zane,
mai saye zai same shi ranar sanyi.
Na rubuta lambar yadda ta fito,
sifiri, da ɗigo, da ɗan abin da ya biyo baya,
na ja layi ƙarƙashinta da jan biro.
Ragowar ruwansa na mayar firji, can ciki, hannun dama.

Gobe zan narkar da shi in sake tambayarsa.